Babu Rago, Inna Ba Za Ta Tashi Ba

Idan ka shiga Gummi ka tambayi gidan su Malam Mas'ud, za a tsaya ana kallon ka ana tunani. Ka ce Malam Kusu kawai, ko mai tallan rake zai nuna maka ƙofar. Taubashina ne, ɗan Gwaggo Saude ƙanwar babana, kuma makaranta ɗaya muke koyarwa, ni Hausa shi kwamfuta. Saboda haka duk abin da na faɗa a kansa ina da lasisi. In ya ji haushi ya kai ƙara wurin kakannin da suka haɗa mu.

Tun yana yaro hannunsa ba ya ganin abu a rufe ya ƙyale. A wani ƙauye kusa da 'Yargalma suka fara zama, kafin mahaifinsa ya rasu su dawo Gummi, kuma a can ya fara ɓarna. Rediyon babansa, agogon bango, tocilan uku, har injin taliyar maƙwabta, duk sun ga ta kansu. Zai kwance abu tsaf ya mayar, sai noti biyu su yi saura, ya ce ai dama masu ƙerawar ne suka yi almubazzaranci. Shekarar da ma'aikatan lafiya suka cika ƙauyuka saboda gubar dalma ya fara ganin kwamfuta, a kan cinyar wata ma'aikaciya mai rubuta sunayen yara. Sauran yara na leƙen fuskar abin, shi kuwa ya zagaya ta baya yana neman inda noti yake. Da ƙyar aka janye shi.

To wannan mutumin ne ya je ya yi karatun kwamfuta, ya dawo da takardar shaida da sukundireba a aljihun gaba, inda mutanen kirki ke saka biro. Aka turo shi makarantarmu, sakandaren jeka-ka-dawo, ya koyar da kayan cikin kwamfuta da yadda ake haɗa su da waya su yi magana da juna. Ranar da zai fara aiki har sabon takalmi ya saya, don an gaya masa makarantar tana da kwamfuta ashirin.

Tana da su kuwa, ashirin cif. Suna cikin wani ɗaki mai ƙofar ƙarfe, an lulluɓe kowace da yadi, makullin kuma yana ɗaure a mazagin wandon shugaban makaranta, Malam Shehu. Wani ɗan kwangila ne ya kawo su shekara uku kafin zuwan Mas'ud, aka yi hoto, aka sha lemo, aka kulle. Malam Shehu mutumin kirki ne, ba ya cin na kowa, sai dai Allah Ya zuba masa tsoron masu duba makarantu. Burinsa a duniya shi ne duk ranar da suka zo ya nuna musu ashirin lafiya lau. Sau ɗaya a zango ake buɗe ɗakin a share, shi da kansa yake tsayawa a bakin ƙofa, a gama ya mayar da kwaɗo.

"Kayan gwamnati na, Malam Mas'ud," haka yake cewa. "In yaro yaɓ ɓata guda, kai za a tambaya ko ni?"

Wani malamin da sai ya samu inuwa ya zauna, ya riƙa cika allo da rubutu yana jiran ƙarshen wata. Mas'ud kuwa ba shi da wannan hankalin. Ya fara da raɗa wa kayan kwamfuta suna, wai Turancin littafi yana maƙale wa yara a wuya. Abin nan da ake ja a kan tebur, maus, ya ce kusu ne, ga wutsiya ma. Daga nan ya samo sunansa. Inda ake ajiye bayanai ya zama rumbu. Babban allon nan kore da komai ke manne a jikinsa, madabod, ya ce sunanta Inna. Sai wani ɗan siririn abu da bai wuce tsawon mataji ba, wanda kwamfuta ke riƙe aikin da take ciki da shi, littafi ya kira shi ram, shi kuma ya ce rago.

Ni malamar Hausa ce, na tare shi a ɗakin malamai. Na ce, "Kai Kusu, wannan ram ɗin fa ba ragon layya ba ne. Harufa ne aka tsinto daga kalmomi uku, kai ma ka sani."

Ya ce, "Naja, Bature da bakinshi yac ce rago, ni ne zan musa mishi? Je ki ji da karin maganarki."

Na ce wata rana bakin nan zai ja masa. Ya ce bakin taubashiya ba ya kama mutum.

Da ya gama raɗin suna sai ya mayar da ajin kansa kwamfuta. Yarinya ɗaya ta tsaya tsakiya ta buɗe hannuwa, ita ce Inna. Wani ya riƙe mata gefen hijabi, shi ne rago. Wani ƙato ya tsuguna a lungu da jakar littattafai, rumbu ke nan. Akwai mai fifita da kwali, wai fanka ce, kar Inna ta yi zafi. In Malam ya ce "An kawo wuta!" sai kowa ya kama aikinsa. In ya fizge rago ya fitar da shi waje, sai duk ajin su ɗauki "tit, tit, tit" kamar 'yan tsaki, Inna ta rufe ido ta sandare. Ina aji na kusa ina fama da Bayajida, ana yi mini tit-tit ta taga.

Darasin sadarwa ya fi wannan hauka. Igiyar shanya ya kwaso daga gidan Gwaggo, ya ɗaura daga tagogin azuzuwa huɗu, duk suka haɗu a gindin dalbejiyar tsakar makaranta. A nan ya zaunar da wani ɗalibi mai suna Sagir, ya ce shi ne suwic, akwatin da ke raba saƙo, amma a ajinsa sunansa ɗan kamasho, tunda aikinsa ya duba inda kowane fasinja za shi ya saka shi motar da ta dace. Ana rubuta saƙo a takarda, a yayyaga ta gida huɗu, a sa wa kowane yanki lamba da adireshi, a maƙala da abin shanya a ja igiya. In yanki ɗaya ya faɗi a hanya, sai mai karɓa ya leƙo ta taga ya ƙwala ihu a sake turo lamba uku. Abin haushin, yaran sun gane. Ka tambayi kowannensu yadda saƙo ke tafiya, zai zayyana maka tiryan-tiryan.

Amma abu ɗaya yana cin sa. 'Yan aji shida na bana su ne ya ɗauko tun daga aji huɗu, su arba'in da ɗaya, kuma saura 'yan makonni su fara jarrabawar fita. Wata rana muna dawowa daga makaranta ya ce, "Naja, shekara uku ina yi musu tatsuniya. Za su hita su ce sun yi kwamfuta, ko nauyinta ba su taɓa ji ba. In an aje musu ta gaske, tsoro za su ji." Na ji tausayinsa har cikin raina, amma ban nuna ba. Ce masa na yi ya goge alli a gemunsa.

Ya ɗauki Malam Shehu da naci. Kullum da safe sai ya rusuna ya ce, "Ranka ya daɗe, an kwana lahiya? Ya iyali? Ya makulli?" Malam Shehu ya ce makulli ya gode. Haka suka yi ta yi, har ranar da igiya ta yi abin da baki ya kasa. Malam Shehu ya shigo a kan babur da sauri, ya makara, bai lura an ƙara sabon layi zuwa ajin kimiyya ba. Igiyar ta ɗauke hularsa cak, ta bar shi ya wuce da kai tsirara. Sagir kuma, don tsabar bin doka, ya ga kaya a kan layi babu adireshi, ya ja hular ya tura ta aji biyar.

Da aka dawo masa da ita, ya kira Mas'ud ofis, hannunsa na dafe da maƙogwaro. Ya ce, "Da ɗan ƙasa kaɗan ta sauka, da yanzu ana yi man sutura. Gwamma ka ɓata kwamfuta da ka kashe ni." Ya juya baya ya kwance makulli daga mazagi. Amma da sharaɗi: mako biyu kacal, zuwa ranar da za a fara jarrabawa. In ba abin da ya tashi, a mayar da yadi, kuma kar ya sake jin kalmar makulli har ya yi ritaya.

Ranar Alhamis aka buɗe. An aro janareto wurin mai cajin waya na bakin kasuwa. Yara suka shiga a hankali, hannuwa a baya, kamar masu shiga gaida surukai. Abin da aka fara tararwa shi ne kusu na gaske ya cinye wutsiyar kusun Malam har guda bakwai. Wannan bai dame shi ba. Ya jona ta farko ya danna. Fanka ta juya, sai "tit, tit, tit", fuskar baƙi ƙirin. Yara suka fashe da dariya, don sun san kukan, su suka shekara uku suna yin sa. Ya zaro sukundireba ya buɗe murfin. Ga Inna kwance, kore shar, ga rumbu, ga komai, amma ramin rago wayam. Ya buɗe ta biyu, haka. Ta uku, haka. Har ta ashirin. Ashe abin da Malam Shehu ya shekara shida yana gadi da mazagin wando, tun ranar da aka kawo shi babu rago ko ɗaya a ciki.

Mas'ud ya zauna a ƙasa dirshan. Wata ɗaliba mai suna Kausar, wadda ta fi kowa kai a ajin kuma ta fi kowa surutu, ta ce, "Malam, ba wata dabara?" Ya girgiza kai, idonsa ya kawo ruwa. Ya ce, "Babu rago, Inna ba za ta tashi ba."

To, a nan bakin taubashiya ya kama mutum.

Kausar ta koma gida tana ba ƙawarta labari a tsakar gida, da yaren ajinsu, don su sun manta ma akwai wasu sunaye. Wai yau Malam har hawaye ya yi, an buɗe ɗaki an tarar da Inna kwance, ya ce in ba a samu rago ba ba za ta tashi ba. Mahaifiyarta na bakin murhu tana ji. Ba ta tambayi komai ba, ta yi salati ta shiga wurin maigidan. Mahaifin Kausar kuwa, Alhaji Halilu, shi ne shugaban ƙungiyar iyaye da malamai, kuma kiwon raguna ne sana'arsa. Kowa ya san in ciwo ya ƙi ci ya ƙi cinyewa akan ce a yi sadaka da rago. Kafin a sauko daga Juma'a labari ya gama unguwa uku: mahaifiyar Malam Kusu na kwance rai a hannun Allah, an ce sai an yi sadakar rago, shi kuma ba hali, yana kuka a gaban ɗalibai. Wata ta ce ai shekaranjiya ta sayi ƙuli a hannunta. Aka ce mata ciwo ba ya sallama.

Asabar da hantsi ina gidan Gwaggo ina taya ta murza ƙuli. Gwaggo Saude ta haura sittin, amma in ta kama taɓarya sai ka tausaya wa turmi. Tana cikin daka sai ga mata sun yi sallama, sun kai goma, da kwanon kunu, da lemo a leda, fuskoki a jiƙe. Suka gan ta tsaye da taɓarya, suka yi kanta gaba ɗaya.

"Subhanallahi! Inna, da wanga jiki kike daka? Naja'atu, ke ba ki da imani?"

Aka fizge taɓarya, aka shimfiɗa tabarma, aka kwantar da ita da ƙarfin tsiya. Tana cewa "Mi ya hwaru? Wa yam mutu?" ana cewa "Sannu, Inna, kar ki wahal da kanki da magana." Wata tsohuwa ta taɓa goshinta ta ce lallai akwai zafi. Yo ba dole ba, mace ta yi awa guda tana daka a rana!

Ana cikin haka aka yi sallama a ƙofar gida. Mas'ud ya fita, ni kuma na laɓe a zaure. Alhaji Halilu ne da dattawa uku, ga wani rago fari ƙato mai ƙaho a murɗe, yana huci.

Alhaji ya ce, "Malam, ba ka kyauta muna ba. Kana koya ma ɗiyanmu, lalura ta same ka, sai dai mu ji ga bakin yara? Ga shi. Allah Shi tashi kafaɗunta."

Mas'ud ya ce, "Kafaɗun wa, Alhaji?"

"Na Inna mana. Ba kai kac ce in babu rago ba ta tashi ba?"

Na ga lokacin da maganar ta sauka a kan taubashina. Bakinsa ya buɗe, ya dubi rago, rago ya dube shi. Ni kam na zube a zaure ina dariya har da shaƙewa, matan ciki suka ji suka zaci kuka ne, suka ɗauki salati, wai ta cika.

Sai da aka yi rabin awa ana warware zance. Gwaggo ta tashi daga tabarma ta gyara ɗaurin zani. Ɗan fari ne, ba ta kama sunansa, don haka ta ce da ni, "Kira man wancan." Ya shigo ya tsuguna a gaban mata goma.

"Ni ka kwantar?"

"Inna, ba ke ba ce, wani allo ne na cikin..."

"Dut sunayen duniya, ka rasa abin da za ka kira ƙarhe sai ni?"

"Girmamawa ce, Inna. Komai a jikinta yake, in babu ita..."

"Rufa man baki. Ga shi an sa ni kwana da rana tsaka, ƙulina na ƙonewa."

Alhaji Halilu, da ya gane, ya yi dariya har ya dafa bango. Mas'ud ya ce don Allah a mayar da rago, a yi haƙuri. Alhaji ya ce abin da ya fita gidansa da sunan sadaka ba ya komawa, ya karkaɗe riga suka tafi. Matan ma suka bar kunun, muka sha.

Da la'asar na ga Mas'ud yana zagaya ragon yana shafa gemu, na san abin da ke ransa. Akwai Raphael, mai gyaran waya a bakin tasha, ya taɓa gaya masa yana da wanda zai aiko da irin ragon kwamfutar daga Sakkwato. In aka kai mai ƙaho kasuwa, za a samu na 'yan kwamfutoci. Sai dai Gwaggo ta riga shi. Ta ɗaure ragon a turke ta ce nata ne, da sunanta aka kawo shi, ita aka kashe da baki, kuma layyarta ta bana ta samu.

Kwana huɗu yana lallashi. Ya ɗebo mata ruwa, ya faskara itace, ya yi wa ragon wanka, ragon ya saka masa da karo a gwiwa, ya zo makaranta yana ɗingishi. Kwanakin Malam Shehu kuwa suna ta tafiya. A rana ta huɗu na je na same ta ni kaɗai, na ajiye wasa gefe, na gaya mata abin da ya faɗa mini a hanya game da yaran nan arba'in da ɗaya. Ta ci gaba da tsince gyaɗa. Can ta ce, "Sai na ga takwarar tawa da idona."

Washegari ta yafa babban mayafinta ta zo makaranta. Malam Shehu ya fito da sauri yana "Sannu da zuwa, Inna, ya ƙarfin jiki?" Ta yi masa wani kallo, ya haɗiye sauran. Aka kai ta ɗakin, Mas'ud ya nuna mata cikin kwamfuta ɗaya. Ta sunkuya ta daɗe tana kallo.

"Wagga ce?"

"Ita ce, Inna."

"Shekara nawa tana nan?"

Malam Shehu ya ce shida.

"Shida! A kulle, ba mai leƙa ta, ba a ko san ba ta da lahiya ba? Malam, ko tukunya ka aje shekara shida ba ka ɗora ba, ai kyankyasai sun gaje ta. Wa kake ma ajiya?"

Malam Shehu ya buɗe baki zai ce kayan gwamnati ne, ya duba fuskarta, ya fasa. Ta kama gefen mayafi za ta share wa takwararta ƙura, Mas'ud ya yi tsalle yana "Inna, ba a..." ta ɗago kai, shi ma ya fasa. Ta share abinta a hankali. Da za ta fita ta ce, ba tare da ta dubi kowa ba, "A kai shi kasuwa."

Kwana uku bayan an sayar, direban Sakkwato ya kawo wa Raphael wata 'yar ambulan. Mas'ud ya kawo ta gida ya zazzage a tafin hannu don Gwaggo ta gani: 'yan siraran abubuwa huɗu. Ta juya ɗaya, ta shinshina. Ta ce, "Wanga na ragon? Ragona mai ƙaho, da ya kusa karya maka ƙahwa? Ko romo ba a yi da wanga. Wallahi an cuce ni." Amma ranar da za a saka, ta riga kowa isa makaranta.

Ranar ce ta ƙarshe a wa'adin Malam Shehu. Janareto na ruri a waje, yara arba'in da ɗaya sun cika ɗaki, ni da Gwaggo muna bakin taga, Malam Shehu na tsaye a ƙofa yana sharce gumi. Kowa ya zaci Mas'ud ne zai saka da kansa. Sai ya miƙa wa Kausar, ya ce tunda bakinta ne ya jawo rago, hannunta ne zai ɗaure shi.

Yarinyar nan mai surutu ta matso gaba a hankali. Ta karɓa da yatsu biyu. Ta san ramin, ta san ta inda tsagar take fuskanta, ta zana shi a littafi ya fi sau goma. Ta ɗora shi a hankali ta janye hannu.

Mas'ud ya ce, "Bai zauna ba. Danna."

"Malam, karyewa zai yi."

"Danna da ƙarhi, sai kin ji ya yi ƙara."

Wani daga baya ya ce a hankali, "Kayan gwamnati ne fa." Ba wanda ya yi dariya. Kausar ta dubi Malam Shehu, idonta ya cika da hawaye. A nan na gane abin da taubashina yake tsoro, don ga shi ina gani: yarinya mafi ƙoƙari a makaranta ta kasa danna abin da bai kai mataji nauyi ba.

Mas'ud ya ce, "In ya karye, ni nac ce ki danna. Kowa ya shaida."

Ta sa manyan yatsu biyu, ta rufe ido, ta danna. Ƙas! Ya ce ta kunna. Fanka ta juya. "Tit", sau ɗaya tak, sai fuskar ta kawo haske, rubutu ya fara gudu. Ihun da aka yi, sai da awakin bayan makaranta suka watse. Gwaggo ta rangaɗa guɗa ta taga kamar an kawo amarya. Nan da nan aka tada sauran ukun, aka zaro akwatin suwic na gaske daga kwalinsa, yara suka ja waya. Sagir ya tsaya yana kallon akwatin da ya ƙwace masa aiki, ya ce ashe ɗan kamashon ma bai kai kwanon sha girma ba. Saƙon farko da ya tashi daga wannan bango zuwa wancan, "Ya jikin Inna?" aka rubuta. Aka amsa daga can, "Da sauƙi."

Malam Shehu ya share fuska, ya yi hamdala ya fi a ƙirga. Ya ce, "To madalla, sun tashi. A kashe haka nan a ruhe da yadi, kar ƙura ta shiga."

Mas'ud ya kashe ta farkon, ya zare wayar wuta. Sai kuma ya sa hannu ya ɓalle ragon da Kausar ta saka, ya ɗaga shi sama ya ce, "Na gaba."

Malam Shehu ya kusa faɗuwa. "Malam Mas'ud! Ta tashi fa! Mi kake yi?"

"Ranka ya daɗe, mutum guda ta taɓa. Saura arba'in."

Suka yi layi har waje. Kowa ya zo, ya ɗora, ya dubi Malam, a ce ya danna, a ji ƙas, a kunna, ta tashi, a kashe, a cire, na gaba. Tun ana ihu har aka daina, sai ƙarar nan kawai kake ji da rurin janareto. Wajen na goma sha biyar Mas'ud ya bar cewa komai, yaran ke gaya wa junansu. Ni dai ban san lokacin da na fara hawaye ba, Gwaggo ce ta miƙo mini gefen mayafinta mai ƙura.

Ana kiran la'asar ɗalibi na arba'in da ɗaya ya gama. Mas'ud ya miƙa hannu zai ɗauki murfin, sai muka ga ashe layin bai ƙare ba. Malam Shehu ne tsaye a ƙarshe, ya naɗe hannun babbar riga har kafaɗa. Bai dubi kowa ba. Ya karɓi ragon da yatsu biyu, ya ɗora shi a ramin ya tsaya.

Kausar ta matso kusa da shi ta ce, "Danna, ranka ya daɗe. Ba ya karyewa."

Ya danna.